Ɓarawon Sanyin Baba Ƙanƙara

Baba Ƙanƙara bai yarda da kowa ba, kuma a aikinsa wannan ba aibu ba ne. Shi ke kula da injin sanyi na ɗakin gwaji, wata tukunyar ƙarfe da ke rataye daga rufi. A cikinta ake daskarar da 'yan na'urorin da ba su kai ƙumba ba, har lantarki ya riƙa ratsa su ba turjiya. Zafi ko yaya ya kutsa, awon Malama, mai binciken da yake wa aiki, ya lalace.

A gida ma haka yake. Da ya shigo zai shafa ƙofar firji ya ce jikokinsa sun buɗe. Mutum ɗaya yake sakin jiki da ita, Iya mai shara. Tare suka tsufa a ɗakin gwajin, kullum takan jingina da tsintsiyarta a gefen teburinsa tana tsokanarsa.

Wata rana, ba abin da ya lalace, zuciyarsa ce kawai ta ƙi kwanciya. Ya zura wata wayar awon zafi cikin tukunyar. Sanyi ya ɗan ragu.

"Ai na faɗa!" in ji shi.

Ya ƙara waya don ya kama ɓarawon, ya sake ƙarawa, abu sai gaba yake. Ya zargi taga, ya zargi fitila. Da abubuwan zargi suka ƙare, ya juyo kan Iya.

"Iya, faɗa min gaskiya, kina taɓa injin nan?"

"Ni, Baba? Yau kuma?"

Bai saurare ta ba. Ya sa aka mayar da ita sharar baranda.

Malama ce ta leƙa tukunyar, ta ga wayoyi cunkus. "Baba, ka fi ni sanin kowace waya hanya ce ga zafi. Mu cire waɗannan mu gani."

Aka cire. Sanyi ya koma inda ya saba. Kunya ta kama Baba har wuya, ya fita baranda da kansa.

"Iya, ki dawo ɗakinmu mana."

Ta gaishe shi da ladabi irin wanda ake wa baƙo, ta ci gaba da shara.

"Bari dai, Baba. Kada in ɗumama maka ɗaki."