Jar Saniyar Inna

Shekarar da ɓarayin daji suka kore mana shanu, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta baro ƙauyenmu na wajen Bugaje ta dawo wurina a Magama, bakin iyaka, inda nake koyarwa a firamare. Shanun duk nata ne. Wasu gadon mahaifinta, wasu kuma da kiwon awaki ta tara su. Ba ta yi kuka ba. Magana dai ta rage, ta kan wuni a gindin bedin tsakar gida tana tsince wake.

Kwana goma sha biyu da zuwanta, wani maƙwabcinmu na ƙauye da ya koma duba gonarsa ya yi sallama da hantsi, yana jan saniya da igiya. Ya ce a turkenta ya same ta tsaye, cikin gidan da babu kowa. Jar saniyar Inna ce, wadda ta fi ba da nono. Yadda ta kuɓuce musu, Allah kaɗai ya sani.

Kafin mu ƙarasa kusa da ita wari ya tare mu. An sare ta a ƙasan tozo, saran adda, kuma damina ce, ƙuda ko'ina. Bakin mikin bai fi tafin hannu ba, amma da na leƙa sai na ga cikinsa yana motsi. Tsutsotsi ne a jere, sun kafa kai cikin nama, gindinsu a waje, wani ruwa mai jini-jini yana gangarowa har ƙafarta. Na juya na tofar da yawu.

Yayana, wanda ke sayar da hatsi a kasuwar Jibiya, ya zo da azahar. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Inna, a kira mahauci tun tana da sauran nama a jiki," in ji shi. "Wagga ba ta kai Juma'a."

Inna tana shafa wuyan saniyar, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da ƙafarta ta baro masu bindiga ta zo gida. Ni kuma in tarbe ta da wuƙa?"

"To mi za ki yi mata?"

"Abin da aka yi maka da ka yi gyambo kana yaro. Ban kira mahauci ba."

Maƙwabta suka cika gidan, kowa da maganinsa. Wannan ya ce baƙin mai, wancan ya ce a tsiyaya fiya-fiya. Inna ta ce ba mai zuba wa saniyarta guba, ta tura ni Jibiya neman malamin dabbobi.

Dattijo ne siriri, ya zo a kan tsohon babur. Muka kayar da ita, ni da Yaya muka danne, ya sa hantsaki ya fara zaro su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce sai ya murɗa kafin ta fito, don jikinta zobe-zobe ne kamar ƙusa mai zare. Ya ce wannan ba tsutsar mushe ba ce. Ita rayayyen nama take ci, tana haƙa tana nutsawa. Wani koren ƙuda ne ke yin ƙwai a bakin ciwo, ko da cizon kaska ne. Na kai ƙafa zan ture waɗanda suka faɗi ƙasa, ya daka mini tsawa.

"Malam, kada ka bar ko ɗaya! In ta shiga ƙasa, ƙuda za ta zama ta dawo."

Inna ta kawo gwangwani da kalanzir a ciki, ta durƙusa tana tsince su da hannunta. Da ya gama, ramin da ya bari dunƙulen hannuna zai shige. Ya wanke, ya yi mata allura, amma ya ce maganin feshin da ke hana ƙuda sauka ya ƙare masa, kuma babu a shagunan gari. Lokacin an rufe iyaka, manyan motoci sun yi layi a Magama har direbobi sun kafa murhu a ƙarƙashinsu. Ya ce sai dai ko a ƙetare.

Washegari da safe na tafi da ƙafa. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya tsayar da ni, ya ce ina za ni. Ban san abin da zan ce ya yarda ba, sai na ciro waya na nuna masa hoton mikin. Ya daɗe yana kallo, ya ja tsaki.

"Haka tsutsar nan ta kashe muna goɗiya a gida," ya ce. "Tai ka sawo, ka dawo ta nan."

Na dawo kafin la'asar da gwangwani biyu a aljihun riga.

Daga nan Inna ta karɓi aikin. Safe da yamma za ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta duba kowane lungu, ta fesa maganin, har yatsunta suka rine shuɗi. Ta yanka tsohon gidan sauro ta ɗinka wa saniyar riga. Ta kan tara ɗanyen ganyen bedi ta yi hayaƙi kusa da turke. Duk da haka, ranar kwana na biyar ta kira ni ta nuna mini wani farin abu manne a gefen ciwon, kamar busasshen kumfa. Sabon ƙwai ne. Saniyar kuma ta daina cin ciyawa.

Ranar ce Yaya ya zo da mahauci ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji ta mutu mushe, Inna ta tashi a tutar babu. Mahaucin ya shigo da sallama, wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Inna ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da turke.

"Sannu da zuwa. A kawo maka ruwa?"

"A'a Hajiya, an ce akwai saniya..."

"Akwai. Tawa ce, ba ta sayarwa ba ce, ba ta yanka ba ce." Ta juya wajen Yaya. "Kai kuma, waɗancan sun ɗauka ba su tambaye ni ba. Kai ma haka za ka yi?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Mahaucin ya ba da haƙuri ya fita.

Inna ta kankare ƙwan ta ƙone. Sannan ta ce ƙudan nan ba daga sama yake faɗowa ba, akwai inda yake haihuwa a unguwar nan. Ta yafa mayafi, ta ɗauki gwangwanin kalanzir, ta ce in biyo ta da hantsakin da malamin ya bar mana.

Gida-gida muka bi. Ta ɗaga wutsiyar tumaki, ta duba cibiyar 'yan awakin da aka haifa. A gida na huɗu muka sami jakin mai ruwa, an cire masa akumari, bayansa duk tsutsa. Mai dokin amalanken da ke jigilar kaya zuwa bakin iyaka ya ce dokinsa lafiya lau, ba ya son mata su taɓa masa dabba. Inna ta ce ita ba taɓawa za ta yi ba, ya ɗaga masa ƙafar baya da kansa. Ya ɗaga don ya rabu da ita. Tsutsotsin suna nan a saman kofato, inda igiya ta goge fata. Sai ya riƙe linzami muka yi aiki.

Abin da ya jawo surutu shi ne kare. Wani baƙin kare ne da ke kwana a garejin masu gyaran mota, kunnensa ɗaya ya ruɓe, yana ta kaɗa kai. Inna ta sa masu garejin suka ɗaure masa baki, ta durƙusa. Wani mutum da ke wucewa ya ce, "Haba Hajiya, da girmanki, kare?"

"Ƙudan da ya tashi daga kunnenshi ba ya tambayar tsarki kafin ya sauka kan saniyata," ta ce. "Ruwa bai ƙare ba, zan wanke hannu."

Kusan sati uku muna wannan zagaye. Daga baya mutane suka fara kawo dabbobinsu ƙofar gidanmu da kansu, masu babban ciwo mu tura su wajen malamin dabbobi. Saniyar ta koma cin dusa, wadda Yaya ke aikowa kullum ba tare da an roƙe shi ba. Ramin ya cike a hankali, kafin kaka ya rufe, ya bar tabon da gashi bai ƙara fitowa ba. Ashe da ciki ta dawo, shi kam ya zube, kuma har yau tana ɗingisa ƙafar gaba. Jakin mai ruwa bai tashi ba, mun same shi a makare.

Karen ya warke da rabin kunne. Tun daga lokacin ya bar gareji ya dawo ƙofar gidanmu. Inna ta ce ko zaure ba zai shiga ba, kuma bai taɓa shiga ba. Amma kowace safiya ita ke fita da ragowar tuwo a fasasshen kasko, ta ajiye masa a bakin katanga, ta tsaya ta duba kunnen kafin ta koma ciki.