Manda a Ruwan Teku

Ni aikina a gidan Alhaji ban ruwan fulawa ne da tayar da janareta. Shekara goma sha ɗaya ina tako keke daga Dundaye kullum, ba a taɓa cewa ko cokali ya ɓata a hannuna ba. Alhaji babban dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi, mutum ne da zai dubi sa daga nesa ya faɗa maka abin da ke damunsa.

Sai babban ɗansa ya dawo daga Legas da sabon salo. Ya sa aka kafa akwatin gilashi a falon baƙi, tsawonsa ya kai gado, aka cika shi da ruwan gishiri. Wai teku ce, a Sakkwato, inda rana ke narka takalmin roba. Akwai ƙananan kifaye masu launi, amma abin da ya fi ji da shi makankarai ne guda biyar. Irin makankarin nan da tsofaffi ke kankare tukunya da ɓawonsa, sai dai waɗannan na teku ne, masu rai, kowanne ya fi tafin hannuna biyu. Idan suka buɗe baki sai ka ga nama shuɗi da kore yana sheƙi. Ka gifta da inuwarka, su rufe.

Ni aka ɗora wa. Ɗan Alhaji ya nuna mini gishirinsu na musamman a bokiti, da ruwan da inji ke tacewa, da wani ɗan ƙarfe da ake ɗiga ruwa a kai a leƙa a ga layi. Aji biyu na yi a sakandare, amma layi dai na san layi.

"Baba, kada komai ya shiga ruwan nan sai abin da na nuna maka," in ji shi. "Ko hannunka, sai ka wanke."

Wata huɗu lafiya lau. Ran nan da safe na tarar da ɗaya ya wangame baki, naman ya janye ciki ya yi fari. Na gifta hannu, bai rufe ba. Kafin azahar ya fara wari.

Ɗan Alhaji ya auna komai, komai daidai. Ya ɗauki hoto ya aika wa mai sayarwa, shi ma ya ce bai gane ba. Bayan mako biyu na biyu ya bi. Daga nan kallon da ake mini ya sake. An hana kunna turaren wuta a falo, an hana fesa maganin sauro, amma tambaya kullum a kaina take ƙarewa. Wuta ta ɗauke, minti nawa ka yi kafin ka tayar da janareta? Da wane bokiti ka ɗebo ruwa? Da na uku ya mutu, a gaban direbobin Alhaji ɗan ya ce mini:

"Baba, in wani ya ƙara mutuwa, ni da kai ne."

Direban tirela har da tsokana: "Makiyayin katantanwa, ina garke? Sun koma nawa?"

Na ce, "Sun hi ka hankali, su dai ba su taɓa kai mota rami ba."

Dariya suka yi, ban da ni. Ina da iyali, kuma mutum mai shekara hamsin da aka kora da sunan ɓarna ba ya samun wani gidan.

Sai na fara sammako. Ina idar da sallar asuba nake hawa keke, in iso kafin gidan ya motsa. Rana ta huɗu na shigo ta ƙofar baya, na hangi Alhaji tsaye gaban gilashin, carbi a wuya, hannun riga a naɗe. Yana murmushe wani abu baƙi-baƙi cikin ruwan. Tun kafin in matsa na gane shi. Manda ce, gishirin da ake ba shanu su lasa.

Ya juyo, ko gezau.

"Kai, zo ka gani. Dabbobin ga ba su da lahiya, kuma gishirin kanti ɗai kuka ba su. Wane ƙarhi gare shi? Shekara arba'in ina ba bisashe manda, ban ga wadda ta ƙi ta ba."

"Alhaji, ranka shi daɗe, an ce kada a sa komi."

"Wa ya ce? Ɗan da ni haihwa?" Ya kakkaɓe hannu. "Tun da na hwarko ya mutu nika sa musu. Kada ka hwaɗa mai, sai sun warke shi ga ikon Allah."

Ya fice. Na tsaya ina kallon baƙin gari yana sauka a hankali kan naman shuɗin nan. Na kwashe abin da na iya da tiyo, na sauya ruwa rabi.

Bayan kwana uku na huɗu ya wangame.

A falon aka kira ni. Alhaji na kan kujera yana jan carbi, ɗan na tsaye riƙe da ɓawon cikin leda.

"Baba, tsakaninka da Allah, me kake sa wa ruwan nan?"

Na dubi Alhaji. Shi kuwa silin yake kallo, kamar an rubuta masa wani abu a can. Na jira. Na ƙirga ƙwayar carbi bakwai tana wucewa a yatsansa. Kalma ɗaya ta ishe shi, shi da gidansa, wa zai ce masa don me? Ni kuwa in na buɗe baki, na kunyata uba a gaban ɗansa, a falonsa. Ko an yarda da ni, ba zan ƙara shan ruwan gidan ba.

Na ce, "Ban sa komi ba."

"To wa ya sa?"

"Allah masani."

Ɗan ya ce in ajiye makullin ɗakin janareta. Alhaji ya yi gyaran murya, har na ɗauka zai faɗi gaskiya. Sai ya ce, "A yi haƙuri da juna dai." Shi ke nan abin da shekara goma sha ɗaya ta samo mini.

Da babbar salla Alhaji ya aiko direba da cinyar sa har Dundaye. Na ce a mayar, uwargidana ta karɓe ta shige da ita. Direban ne ya faɗa mini na biyar ma ya mutu, sati uku bayan tafiyata, yanzu gilashin na bayan gida an zuba masa dusa.

Har yau ban san abin da ya kashe na farko ba, don lokacin manda ba ta shiga ruwan ba. Sauran ma ba zan rantse ba. Abin da na gani da idona shi ne yatsun Alhaji a kan carbi, da silin ɗin da ya ƙura wa ido.