Malam Ɗanlami Mai Hoto ya rasu, lens ɗinsa yana hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar yau labarin ya same ni, Malam Ɗanlami mai hoto na Karaye ya rasu. Hatsarin babur ya yi jiya da la'asar, a hanyarsa ta dawowa daga walimar saukar Alƙur'ani a Zoza. Ya kwana a asibiti, da asuba rai ya yi halinsa.

Ba kira aka yi mini ba. A gurup ɗinmu na masu ɗaukar hoto na gani, kuma bidiyo ne.

Yana kwance a gefen titi, rigarsa ta yaye, mutane sun zagaye shi kowa da waya a hannu. Wanda ya ɗauki bidiyon har zum ya yi, ya jawo fuskarsa kusa. Ban ga wanda ya sunkuya ya rufa masa jiki ba. Shi kuma wanda ya turo mana, ɗan sana'armu ne, har ya ɗora kiɗan tausayi a kai. Duk mai shi a waya ya ji tsoron Allah ya goge. Matarsa da 'ya'yansa ma suna da waya.

Ga waɗanda ba su sani ba, shi ya koya mini riƙon kyamara. Lokacin da na buɗe shagona a Rogo, shi ya ɗauko labulen bayan hoto daga shagonsa ya ɗauro a babur ya kawo mini. In aikin biki ya haɗe masa biyu, ni yake turawa, ya ce wa masu biki ƙaninsa ne.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan, ranar kasuwar Karaye. Na sayi sabuwar kyamara, irin wadda muke kira ful-firem, mai faɗin ido. Da na ɗaura mata tsohon lens ɗina, wato gilashin gaban kyamara, sai gefen hoto ya riƙa yin baƙi, dole in nemi sabo, kuma ƙarfina na guda ɗaya ne. Na je masa da shawarata a baki: dogon zum nake so, 70-200, wanda zan tsaya daga nesa in jawo fuska.

Ya yi dariya, ya tambaye ni ko a filin ƙwallo nake aiki. Ya ce in tuna ɗakunan amare da zaurukan da muke shiga, inda mutum bai isa ya ja da baya taku uku ba. In zum nake so, 24-70 ne zai ci da ni, ya ɗauki taro ya ɗauki mutum ɗaya. Na fuska kuwa sai 85, wanda ba ya zum, in Allah ya hore daga baya.

Na tsaya gardama. Sai ya ciro 85 ɗinsa daga jaka ya ɗaura a kyamarata, da yake kyamarorinmu 'yan kamfani ɗaya ne. Akwai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin shagon. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Iya, kin yarda a ɗauke ki?” Ta ce a bari ta gyara mayafi. Muka jira ta har ta gama.

Da na duba hoton, duk hayaniyar kasuwa ta narke a bayanta, sai fuskarta kawai, tas. Ita kanta ta daɗe tana kallo.

Ya ce mini, “Da wannan dole ka matso, ka gaida mutum, ya san ana ɗaukarsa. Tafi da shi ka gwada wata guda, sannan ka yanke shawara.”

To yau muna dawowa daga maƙabarta, ko ƙasar hannuna ban wanke ba, wani abokin sana'a ya ja ni gefe. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Wai ya san 85 ɗin yana wurina, iyalin mamacin ba su san darajarsa ba, in yi shiru mu daidaita ni da shi. Mutumin nan shekara nawa yana cin tuwo a shagon Malam. Na dube shi, na zare hannuna daga nasa.

Kafin azahar na ɗauko lens ɗin na damƙa wa yayan marigayi, Alhaji Sale, a gaban liman. Na gaya masa ba ƙaramin kaya ba ne, kada ya saki ga kowa sai an tambayi kuɗinsa a Kano. Haƙƙin marayu ne, 'ya'ya huɗu ya bari.

Mutanen Karaye da Rogo, da wuya a rasa hoton da ya ɗauka a gidajenku, na aure, na suna, ko fasfo ɗin jarrabawa. In kun ci karo da shi, ku tuna da wanda ya tsaya a bayan kyamarar.

Allah ya jiƙan Malam Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce.