Gwaggo Hannatu Mai Yi wa Allah Kwatance

Ku da kuka san Gwaggo Hannatu, kun san ba ta addu'a sai da kwatance. Kirista ce, ƙanwar Babana, kuma in ta durƙusa a tsakar gidanta a Dungas, har maƙwabta sai sun ji. "Ubangiji, ina roƙon Ka saboda Yaya Isuhu. Na garin Guci fa, mai gida bayan tsamiya, ba Isuhu mahauci ba!"

Yaya Isuhun nan shi ne Babana. Tun ranar da ta auri Kirista ta shiga addininsa, Baba ya rantse ba zai ƙara ce mata uffan ba. Ni ko haihuwata ba a yi ba lokacin. Duk sauran roƙe-roƙenta ƙari ne kawai. Abin da take nema tsakaninta da Allah shi ne yayanta ya yi mata magana kafin ɗayansu ya mutu.

Da lakwal, wato makarantar boko, ta kai ni Dungas, Inna ta sauke ni a gidan Gwaggo, Baba ya yi kamar bai sani ba. A nan na sha kallo.

Wata rana fastonsu ya zo gaishe ta, ya tarar tana cikin kwatancen. Ya jira ta ce amin, sannan ya ce, "Mama, ai Ubangiji Ya san komai. Ba sai kin nuna Masa hanya ba."

Ta ce, "Na sani, Fasto. Ni ma na san yaran gidan nan suna jin yunwa, amma ina son in ji sun ce, Mama, tuwo."

Bawan Allah ya sha furarsa ya yi gaba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ta roƙa wa gonarta ruwa, iyaka da iyaka, daga gawo zuwa gidan tururuwa. Wallahi hadari ya taso, ya zo ya juye a gonar Malam Habu maƙwabcinta, tata kuwa ko ɗigo! Na ce, "Gwaggo, ina kwatancen?" Ko kallona ba ta yi ba. Da kaka ta yi, sai ta ɗaura zane ta nufi gidansa.

"Malam, an yi kuskuren sauke mini saƙo a gonarka."

Malam Habu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka kai mata dammunan gero. Ta dawo tana hura hanci. "Kin gani? Ya amsa. Ta hannun maƙwabci Ya ga dama Ya biyo."

Sai kuma akuyarta da ta ci wani abu cikinta ya kumbura. Gwaggo ta dafa mata kai ta yi addu'a cikin sunan Yesu, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Akuya ta ci gaba da shure-shure. Gwaggo ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Ya ce a'a. Maza kira mai yanka kafin mu yi asarar naman ma!"

Amma kan maganar Baba, ina! Kowace ranar kasuwar Guci sai ta hau amalanke ta je rumfarsa inda yake auna gyaɗa, ta durƙusa. "Yaya, ina wuni?" Shi kuwa sai ya kau da kai ya ci gaba da awo. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai. Rannan na ce, "Gwaggo, ki haƙura mana. Wannan ma a'a ce, irin ta akuya."

"Kayya! A'arSa na san ta, ba ta ɓata lokaci. Wannan shiru ne. Aiki Yake yi, kuma ubanki ba ƙaramin aiki ba ne."

A haka ta tsufa, a haka ya tsufa. Ranar ƙarshe da ta je, zazzaɓi ya riga ya cinye ta, mun hana ta fita ta ƙi, dole na bi ta. Ta durƙusa gaban rumfar, ta ce, "Yaya," sai ta kife. Baba ya yi jifa da tiyar awo, ya sungume ta ya ɗora a amalankensa.

"Hannatu! Ke wace irin mai taurin kai ce? Da wannan jikin kika taho?"

Gwaggo ta buɗe ido ta dubi sama. "To, madalla. Na gode. Amma gaskiya Ka daɗe." Sannan ta juyo gare shi. "Yaya, ƙara faɗa, kunnen nan bai ji da kyau ba."

Ya kuwa yi ta faɗa har asibitin Dungas, hawaye na zuba a gemunsa, ita tana kwance tana murmushi kamar ana yi mata kirari. Bai bar gefen gadonta ba har ta cika. Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba sai lokacin, kuma har yau in an ambace ta sai ya tashi ya shiga ɗaki.

Allah Ya sa kin huta, Gwaggo. Shi kuma tsohon nan da kika bari da maganganun shekaru a bakinsa, Allah Ya sanyaya masa zuciya. Amin.