Gorar Awon Baba

Gwaggo, abin da nike so shi na a samo man namiji guda ya raka ni hwadama kahin Asabar. Don Allah ki saurare ni, ki bar yarinyar ta yi kukanta, na ba ta nono.

Ina Gidan Dahala ina yi ma Sadiya wanka anka kira wayar maigidana anka ce Baba ya cika. Ban san sa'ad da na naɗe ta da sabulu a jiki ba. Kahin mu kai Kwalkwalawa har an yi mashi wanka.

Kin san ƙanenki. Bai da yawan magana sai a kan rake. Ina ƙarama nike bin shi dashe, ni ke miƙa mashi gaɓa, shi kuma ya aza doguwar gorar nan tashi mai tsaga biyu. Tsagar sama ita ta tazarar kunya da kunya, ta ƙasa tsakanin gaɓa da gaɓa. In na matso da su don mu gama da wuri, ba ya faɗa. Sai ya tona ya mayar, ya ce, "Hadiza, rake na son iska kamar mutum. Kika cushe shi, tsinke za ki sara." Na ce to mu buɗe da yawa mana. Ya yi dariya ya ce, "Sai ki noma ma ciyawa gida."

Maƙwabta sun fi shi yawan kara, shi ya fi su kauri. Nasu in iska ta taso sai ya kwanta, ɓera ya shige. Nashi tsaye. Masu saye daga cikin gari gonatai suke fara zuwa, su ɗaga kara guda su jinjina, ba a dogon ciniki. Kuma bai taɓa hana kowa aron gorar ba.

Da na haihu, ya zo suna da rake ɗauri guda, ya ce gehen gonar na wajen rijiya na Sadiya ne, a riƙa saya mata hatsi da magani. Kin san aikin kabu-kabun babanta, yau akwai gobe babu. Raken nan muka dogara da shi.

To ranar rasuwa, da anka tashi auna shi don ginan kabari, wani ya shiga ɗaki cikin ruɗewa ya ɗauko gorar bayan ƙohwa. Da ita anka auna shi. Can anka baro ta tare da shi. Ban ga laihin kowa ba, Gwaggo, amma na ɗauka awon raken ya tahi da ita. Yaya Sani da gonar ta koma hannunshi mahauci ne, nama ya sani. Ya riga ya kira masu shanun huɗa Asabar, ya ce a matse dashen bana don a samu da yawa.

Jiya na tuna, tushen raken bara na nan cikin ƙasa, layi-layi, yadda Baba ya aza su da hannunshi. Awon bai ɓace ba. In anka je da sabuwar gora kahin garma ta shiga, za a ɗauke shi daidai, a yi tsagar.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata mashi kabari yadda ya yalwata ma rakenshi. Allah ya ba Inna haƙuri, ya haɗa kanmu, ya raya Sadiya ta sha abin da kakanta ya bar mata.

Na hwaɗa ma Inna, ta ce ba ta hita, tana takaba. Na hwaɗa ma maigidana, ya saro gorar, tana tsakar gida. Yaya Sani ne ban iya tunkara ba. Ke yake jin nauyi, Gwaggo.