Tiren da Ya Biyo Ni Cikin Rana

An ajiye mini tiren shinkafar garin Zabarmari a rumfar manyan baƙi ta tsohon filin ƙwallonmu, sai na miƙe. Ɗana ya saya mini tikitin, alhali aminina Bitrus, abokin kallona tun ƙuruciya, yana ƙasa cikin rana.

Shugabar masu hidima ta ce, "Baba, abincin ne bai yi ba?"

Na bayyana mata dalili.

Ta ce, "Kujera kam ta mutum ɗaya ce, ba zan karya doka ba. Amma a Barno tire ba na mutum ɗaya ba ne."

Ta ɗauke shi da kanta, ta raka ni har gaban Bitrus, muka ci tare.

Na daɗe ban ga doka da mutunci sun haɗu haka ba. Ku fa?