Takarar Ɗan Goggo da Akwatin Gidan Waya

Ɗan Goggo ɗan ƙanwar babana ne. Ya girme ni da shekara tara, kuma kullum sai ya tuna mini da wannan kamar shi ya nemo shekarun da guminsa. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aiki a wani ɗan reshen gidan waya mai ɗaki ɗaya, irin ɗakin da in ka yi atishawa a bakin ƙofa sai kalandar bango ta faɗo. Shi ne mai sayar da kan sarki, shi ne mai auna kaya, shi ne mai shara, shi ne mai rarraba wasiƙu a kan keke. In ka je kai ƙarar ma'aikacin wurin, shi zai karɓi ƙarar, ya gyara tabarau, ya ce za a bincika.

A ɗakin akwai kanta, da sikeli, da wani kabad mai ramuka kamar gidan tattabaru. A waje kuma, jikin bango, akwai jan akwatin ƙarfe da ake jefa wasiƙu. Kullum ƙarfe goma na safe yake buɗe shi. Masu shagunan layin da buɗewar akwatin nan suke gyara agogonsu, kuma na ji an ce akwai ranar da rana ta makara fitowa, ta tarar ya riga ya buɗe.

Abin da ya jawo mana rigima wani littafi ne. Ya zo cikin jakar wasiƙu, takardar da aka naɗe shi da ita ta yage, ruwa ya wanke adireshin. Ɗan Goggo bai taɓa buɗe wasiƙar wani ba, amma wannan, in ji shi, ya zo ne a buɗe. Ya ajiye shi a ramin kayan da ba a zo nema ba, wata shida babu mai shi, sai ya fara leƙawa. Dokar zaɓen 'yan majalisar dokoki ta ƙasa ce, sashe bayan sashe.

Tun daga nan muka shiga uku. Ni shagon gyaran fanka gare ni a layin, kuma a aji biyu na sakandare ni da makaranta muka rabu lafiya, ba wanda ya riƙe wani. Duk da haka ni ya zaɓa in riƙa amsa masa tambayoyi. Zai shigo da littafin a hammata, ya ture mini kayan aiki, ya tambaye ni me ya sa ake tsayar da yaƙin neman zaɓe kwana guda kafin ranar. Me ya sa dole a ɗaga akwatin ƙuri'a a nuna wa jama'a cikinsa kafin a fara. Me ya sa in mutum ya rubuta sunansa a takardar ƙuri'a sai a jefar da ita, alhali a wurinsu a gidan waya takarda marar suna ita ce marar amfani. Nakan ƙirƙiro masa amsa. Na ce masa kwana gudan nan don kunnuwan jama'a su huce ne, kada su je rumfar zaɓe suna hayaƙi. Ya rubuta a gefen shafi, sannan ya ɗago ya dube ni, ya goge.

Wata rana ya zo min da abin da ya fi ɗaure masa kai. Ya ce ya karanta sharuɗɗan tsayawa takara sau goma sha ɗaya. Akwai shekaru, akwai zama ɗan ƙasa, akwai rajista a mazaɓa, akwai sa hannun masu zaɓe ɗari uku ga wanda ba shi da jam'iyya. Bai ga inda aka ce sai mai mota ba, bai ga inda aka ce sai mai tumbi ba. Shi dai yana so ya gani da idonsa, in mutum irinsa ya bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, shin da gaske za a buga sunansa a takardar ƙuri'a? Na ce masa kujerar yake so ke nan. Ya ce shi bai ma san ko kujerar tana da hannu ba, sunan kawai yake son gani.

Matarsa, wadda nake kira Gwamnati saboda ita ke zartar da hukunci a gidan, ta tuna masa saura shekara uku ya yi ritaya cikin mutunci. Ta ce in son gani ne, ya je ya ga teku. Ya nuna mata sashen da ya ce ma'aikacin gwamnati ba zai tsaya ba sai ya ajiye aiki aƙalla kwana talatin kafin zaɓe, wai don ta ga ya san abin da yake yi. Ta karanta, ta rufe littafin, ta ce ita ma tana da sashenta, amma sai ya dawo.

Sa hannun ɗari uku kuwa a kwana huɗu ya haɗa. Mutum ne da ya san kowace ƙofa, ya san gidan da ƙararrawarsu ta mutu, ya san tsohuwar da sai an buga taga take ji. Wasu sun sa hannu suna zaton kaya ya kawo musu. Ya tsaya ya yi musu bayani dalla-dalla har suka yi da-na-sanin buɗe ƙofa, amma ba wanda ya janye.

Saura kwana arba'in zaɓe ya rubuta takardar ajiye aiki zuwa ga Shugaba, matar da ke kula da rassa a babban ofis. Tsakanin reshensa da babban ofis tafiyar minti ashirin ce a keke. Na ce ya kai da hannu mana. Ya kalle ni kamar na zagi Goggo. Ya ce mutumin da ya ci abinci da wasiƙa shekara ashirin da bakwai ba zai ɗauki tasa ya kai da ƙafa ba, in shi bai yarda da gidan waya ba wa zai yarda? Ya kulle ofis, ya liƙe ambulan, ya manna kan sarki, ya jefa a jan akwati. Na ji ta faɗi da ƙara, ƙwal, ba irin faɗuwar takarda ba, amma hankalina na kan wata fanka da aka kawo mini. Daga wannan minti, in ji shi, shi ba ma'aikaci ba ne, ko ƙurar kantar ba shi da ikon sharewa.

Ranar da hukumar zaɓe ta liƙa jerin farko na 'yan takara a allon sanarwa, tare muka je. Ga sunansa na bakwai, a ƙasan wani attajiri. Ya tsaya gaban allon nan har inuwarsa ta gaji ta zauna. Bai yi murna ba, sai tambayar ma'aikacin wurin yake yi ko da wane tsari aka jera sunayen. Ma'aikacin ya ce jerin wucin gadi ne, akwai lokacin ƙorafi kafin a buga takardun ƙuri'a. Ɗan Goggo ya ce ya sani, har ya faɗa masa lambar sashen.

Ƙorafin kuwa ya zo. Lauyan mai riƙe da kujerar, wani siriri mai jaka da ta fi shi nauyi, ya shigar da takarda cewa ɗan takara na bakwai har yanzu sunansa na cikin ma'aikatan gwamnati. Na yi mamakin yadda babban mutum ya damu da mai keke. Sai daga baya na gane mutumin da ya san kowace ƙofa ba abin rainawa ba ne. Jami'in hukumar ya ce abin mai sauƙi ne. Doka tana lissafi da ranar da ke jikin hatimin gidan waya, don haka a kawo ambulan kafin azahar ta Alhamis, in hatimin ya nuna kafin wa'adi, sunan ya zauna. Daga Alhamis ɗin saura kwana goma sha tara zaɓe.

Da safiyar Alhamis muka je wurin Shugaba. Ta ce ita ba ta ga wata wasiƙa ba. Direban da ke ɗauko jaka ya gaya mata reshen a kulle yake, ta ɗauka rashin lafiya ce, har tana shirin zuwa dubiya. Ɗan Goggo ya fusata, ya ce wannan sakaci ne, wasiƙa ta yi kwana ashirin da ɗaya a hanyar minti ashirin, dole a gano ma'aikacin da ya riƙe ta. Shugaba ta ce za a gano shi. Ni kuma, da ɗan guntun ilimina, na yi tambaya.

"Ɗan Goggo, wai tun da ka tafi, wa ke buɗe jan akwatin nan?"

Shugaba ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"To ina makullin?" ta tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, ƙa'ida ta ce mai barin aiki ya mayar da kayan gwamnati tare da takardarsa."

"Ina ka mayar?"

"Yana cikin ambulan."

Na yi dariya har sai da masinja ya kawo mini ruwa. Makullin akwati da na ƙofa a zobe ɗaya suke, na ajiya kuma sun ɓata tun zamanin wani shugaba da ya rasu. Muka ɗauko mai walda a motar Shugaba. Kafin ya gama yanke kwaɗon, rabin layin ya taru, har da Gwamnati da ta naɗe hannu a ƙirji ta tsaya can gefe. Akwatin ya buɗe, wasiƙu goma sha huɗu suka zubo, ta Ɗan Goggo tana can ƙasa, fes, babu ko ɗigon tawada a kan kan sarkinta.

Aka ɓalle ƙofar ofis muka shiga mu huɗu, Shugaba ta turo ƙofa. Hatimin kwanan wata yana kan kanta, irin mai 'yan ƙafafun roba da ake murzawa da yatsa. Yana nan tsaye a ranar da ya bar aiki, domin ba wanda ya taɓa shi tun lokacin. Shugaba ta nuna masa. Ta ce ko murzawa ba sai an yi ba, ranar ce dai ranar da ya jefa wasiƙar, ga ni shaida, ba ƙarya za a yi ba. A buga kawai a kai wa hukuma, saura awa biyu. Har Gwamnati, wadda ba ta son takarar, ta ce ya buga a huta, tunda ya riga ya ba da su a unguwa.

Ya ɗauki hatimin yana juya shi a hannu. Ina ganin yadda yake kallon ranar nan kamar yunwa na kallon tukunya. Sai ya fara tambayoyinsa. Ya ce in shi ya buga, a matsayin wa ya buga, ma'aikaci ko wanda ya bar aiki? Na ce ya ba ni in buga, ni ba ma'aikacin kowa ba ne. Na kai hannu, ya make ni da littafin doka.

"Hatimi ba ya faɗin ranar da aka jefa," ya ce. "Ranar da hannun gidan waya ya taɓa wasiƙa yake faɗi. Yau aka taɓa ta."

Shugaba ta ce wa zai sani? Ya ce akwai wasu goma sha uku da suka kwana tare da tasa, su wace rana za a buga musu? In an buga musu yau, tasa ta fi su ke nan don shi ne mai hatimi. In an buga musu tsohuwar rana, an ɓoye cewa ya tsare wasiƙun mutane sati uku. Ya sa babban yatsa ya murza ƙafar roba, ƙaƙas, ƙaƙas, sau ashirin da ɗaya, ina ƙirgawa, ya dangwala a tawada. Ya fara da na mutane, tasa ce ta ƙarshe.

Shi da kansa ya kai wa jami'in hukuma ambulan. Jami'in ya duba hatimi, ya duba kalanda, ya duba fuskarsa, ya sake duba hatimi. Lauyan nan ya zo da jawabi mai shafi tara, bai samu ya karanta ko layi ɗaya ba. Aka ja layi a kan suna na bakwai. Ɗan Goggo ya leƙa ya ga da jan biro aka ja, ya tambaya ko doka ce ta ce ja, jami'in ya ce a'a, shi ne a kusa.

Muka komo reshen da ambulan a hannunsa, Shugaba tana zaune a kan kujerarsa tana jira. Yanzu ga wasiƙa mai hatimi da sunanta a jiki, kuma kowa a ɗakin ya san in ta shiga hannunta ta buɗe, aikin ma ya bi takarar. Ta ƙi miƙo hannu. Shi kuma ya ce wasiƙar da aka jefa ta mai adireshi ce, ba shi da ikon janyewa. Gwamnati ta fara kwance mayafi tana ɗaurawa a ƙugu.

Ya miƙa hannu zai ba Shugaba, sai ya tsaya, ya ɗan jijjiga ambulan ɗin a tafinsa yadda yake yi wa na kowa. Ya ɗora ta a sikeli. Allurar ta wuce nauyin kan sarki ɗaya da nisa, saboda makullan da ke ciki. Ya ce abin kunya ne, shekara ashirin da bakwai yana mayar wa mutane da wasiƙu a kan wannan. Ya ɗauki biro ya rubuta a jiki cewa kan sarki bai isa ba, a mayar wa wanda ya aiko, ya jefa ta a ramin unguwarsu.

Na tambaye shi a kunne ko tun a hanya ya ji nauyin nan a hannunsa. Ya ce in ba sayen kan sarki zan yi ba in matsa daga kanta, akwai mutane a bayana.